Dalilin Da Ya Sa Na Zaɓi Dogon Gilashin Kamara Mai Araha

Duk wanda ya taɓa gwada ɗaukar hoton tsuntsu ya sani tsuntsu ba ya jiran mai hoto. Kafin ka matso ya tashi, in kuwa ka ɗauka daga nesa sai ya fito kamar ɗigon tawada a tsakiyar takarda. Maganin wannan shi ne dogon gilashin nan da ake ɗaura wa kamara, mai jawo nesa kusa. To, amma gilasan nan iri biyu ne. Akwai na wajen dala 1,000, akwai na wajen dala 13,000, ga shi kuwa kowanne an rubuta 600 a jikinsa. Ni mai arahan na zaɓa. Ina so in bayyana wa 'yan'uwa dalili, don kada wani ya zuba tarin albashinsa inda ba ya bukata, kada kuma wani ya sayi mai araha yana tsammanin zai yi masa aikin da ba zai iya ba.

Ma'anar lambobin nan biyu

Kowane gilashi yana da lamba biyu. Ta fari ita ce ta milimita, watau ƙarfin jawowarsa. Gilashi mai milimita 50 yana nuna abu kusan yadda ido ke ganinsa. Mai 600 kuwa yana ƙara girman abin sau 12. Dabarar ƙera irin wannan gilashi ba sabuwa ba ce. A cikin 1891 Thomas Dallmeyer a Ingila da Adolf Miethe a Jamus, kowa da nasa aiki, suka gano cewa in aka sa gilashi mai tara haske a gaba, aka sa mai watsa shi a baya, za a sami jawowa mai yawa ba tare da bututun ya yi tsawon da lambar ta faɗa ba.

Lamba ta biyu ita ce wadda ake rubutawa da harafin f, kamar f/4 ko f/6.3. Wannan ita ke nuna faɗin ƙofar da haske ke shiga. Lissafinta ba wuya, sai ka raba milimita da ita. In ka raba 600 da 4 ka sami 150, watau dole bakin gilashin ya kai faɗin milimita 150, kamar ƙaramin faranti. In ka raba 600 da 6.3 ka sami 95. Ɗan makarantar da ya iya auna filin da'ira zai gaya maka babban ya fi ƙaramin sau biyu da rabi. Saboda haka hasken da ke shiga ta babban ya ninka na ƙaramin sau biyu da rabi.

Abin da kuɗin ke saya

Gilasan da na auna da juna su ne waɗannan. Na ɗaya Canon ne mai milimita 600, f/4, samfurin da ya fito a 2018 a kan wajen dala 13,000, nauyinsa kilo 3 da ɗan ɗori. Na biyu Sigma ne da ake kira Contemporary, wanda ya shiga kasuwa a 2015 a kan wajen dala 1,100, nauyinsa bai cika kilo 2 ba. Shi wannan ana iya murɗa shi daga milimita 150 zuwa 600, amma in ya kai 600 ƙofarsa ba ta wuce f/6.3. Kamfanin Tamron ne ya riga fitar da irinsa a ƙarshen 2013, kuɗinsu kuwa kusan ɗaya.

Ga abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: babban gilashin bai fi ƙaramin jawo nesa ba ko kaɗan. Ka ɗauki hoton wata daren goma sha huɗu da kowannensu. A kan ɗan allon nan na cikin kamara, wanda ya maye gurbin fim, faɗin watan zai zama wajen milimita 5.5 a duka biyun. Ashe rarar dala 12,000 ɗin nan ba nesa take saya ba, haske take saya, sai kuma ƙarin tsabtar hoto da ƙarfin jiki. Narka babban gilashi da goge shi har ya zama ba aibi aiki ne mai wuya ƙwarai, shi ya sa kuɗin ke tashi haka.

Lissafin rana

Sai na tambayi kaina, shin ina bukatar wannan hasken? Masu hoto suna da wata ƙa'ida tun zamanin fim. In rana ta fito sarai, ka sa ƙofa a f/16, ƙarfin jin hasken kamara, wanda ake kira ISO, a 400, to ƙiftawar kamara za ta zama kashi ɗaya cikin 400 na daƙiƙa. In ka buɗe ƙofa zuwa f/8, haske ya ninka sau huɗu, ƙiftawa ta koma kashi ɗaya cikin 1,600. Wannan saurin ya isa ya kama shirwa tana shawagi ko balbela tana sauka bayan shanu. Ka ga ko iyakar ƙofar mai arahan ba a kai ba. Mu kuwa a ƙasar nan, in ban da ranakun da hadari ya rufe sama, rana ba ta yi mana rowa. Yawancin hotunana daga hantsi ne zuwa la'asar, a fili ko a bakin ruwa. Don me zan biya kuɗin hasken da nake samu kyauta?

Akwai kuma maganar murɗawa. Tsuntsu ƙarami ne a cikin sararin sama, nemo shi da gilashi mai 600 kamar leƙe ne ta kafar allura. Da mai arahan sai in fara da 150, in na same shi in murɗa in jawo shi. Babban kuwa a 600 yake tsaye, in dabba ta matso kusa sai dai mai hoto ya ja da baya. Ga nauyi kuma. Kilo 2 mutum ya iya rataya shi ya yi yawon yini guda, amma babban yakan nemi a kafa masa ƙaƙƙarfar ƙafa uku, ita ma da nata kuɗin da nata nauyin.

Inda mai araha ke gazawa

Kada wani ya ce na ce duk ɗaya ne. Hausawa sun ce araha ba ta ado, akwai gaskiya a ciki. Da asuba, ko dab da magariba, ko a cikin kurmi mai duhu irin na kudancin ƙasar nan, babban gilashi ne sarki. Inda shi zai yi aiki da ISO 1,600, mai arahan sai ya kai 4,000, sa'an nan hoto ya fito da ɗigo-ɗigo kamar an watsa masa yashi. Kamarorin yanzu da kwamfuta sun rage wannan aibi da yawa, amma ba su kawar da shi duka ba.

Na biyu, babban ya fi saurin kama abin da ke gudu, kuma yana narkar da abin da ke bayan tsuntsu har tsuntsun ya fito shi kaɗai, ba rassa ba ganye. Na uku, akwai wani ƙaramin gilashi da ake sakawa tsakanin kamara da dogon, mai ƙara jawowa sau 1.4. A kan babban sai ya zama milimita 840, f/5.6, aiki ya ci gaba lafiya lau. A kan mai arahan ƙofa takan koma f/9, waɗansu kamarori ma sai su kasa daidaita hoto da kansu. Saboda haka wanda ke cin abinci da ɗaukar hoton ƙwallo da dare, ko mai sayar wa mujallu hoton namun daji, babban ne kayan aikinsa, kuma zai fanshe kuɗinsa. Ni ba sana'ata ke nan ba.

Abin da ya fi gilashi

Mu koma ga lissafi. Kurciya tsawonta wajen santimita 25 ne. In tana nesa da kai mita 20, a kan allon kamara za ta fito milimita 7.5. In ka yi haƙuri ka zauna a ɓoye har ta zo mita 10, ta zama milimita 15. Watau haƙuri ya ninka maka girman hoto sau biyu, ba ka biya ko kwabo ba. Wanda ya san inda tsuntsaye ke shan ruwa, da lokacin da suke zuwa, ya fi mai babban gilashin da bai sani ba.

Sa'an nan akwai abin da ba gilashin da ke maganinsa. Da tsakar rana, in ƙasa ta ɗau zafi, iska takan yi rawa kamar ƙawalwalniya, duk abin da ka ɗauka daga nesa sai ya fito dishi-dishi. Haka kuma hazon hunturu. Mai dala 13,000 da mai dala 1,000 duk kunnen doki suke a nan.

Kafin ka biya

In ka yi niyyar saya, sai ka lura da waɗannan. Ka tabbata bakin gilashin ya dace da irin kamararka, don kowane kamfani da irin maɗaurinsa. In na hannu ne, ka haska tocila ta ciki ka duba. Kadan ka ga wani abu kamar yanar gizo-gizo, fumfuna ce, ka bar shi, domin laima irin ta damina ita ke haifar da ita, kuma tana cin gilashi. Bayan ka saya kada ka ajiye shi a rufe cikin jaka wata da watanni, ka nema masa wuri busasshe. Lokacin ƙura ka riƙa rufe shi, tun da gilashin da ke fita yana komawa yakan shaƙi iska. Wajen ɗauka, in hannu ka riƙe, kada ƙiftawa ta gaza kashi ɗaya cikin 600 na daƙiƙa, kuma in da haske ka rage ƙofa zuwa f/8, hoton ya fi fitowa sarai. Na'urar hana rawar hannu da ke ciki rawarka kaɗai take tsayarwa, ba ta tsayar da fiffiken tsuntsu.

To, 'yan'uwa, shawarata ke nan. Kafin ka tambayi kuɗin gilashi, ka tambayi kanka da wane lokaci za ka yi aiki da shi, kuma a ina. In amsarka da rana ce a fili, mai araha ya ishe ka, sauran kuɗin ka yi guzurin zuwa inda tsuntsayen suke. Daidai ruwa, daidai tsaki.