Yaranku na son dainaso? Ƙwarangwal ɗinsa na nan a Yamai

Yaran da ke aron wayar iyayensu su kalli bidiyon dainaso, wato dabbobin nan da ake wa laƙabi da kakannin ƙadangaru, sukan ɗauka labarin ƙasar Turawa ne kawai. Alhali ga yaron Wurogauri, ko na Gwandu da Kalgo, abin ya fi kusa da gida fiye da yadda yake zato.

A Yamai, babban birnin Jamhuriyar Nijar, akwai Gidan Tarihi na Boubou Hama da aka kafa a 1959. A can ne aka ajiye ƙwarangwal ɗin Ouranosaurus, wani dainaso mai cin ganye da tsawonsa ya kai kusan mita 7, mai dogayen ƙasusuwa jere a gadon baya. Masanin Faransa Philippe Taquet ne ya tono shi a Gadoufaoua da ke yankin Agadas, aka kuma raɗa masa suna a 1976. A wannan yanki ne aka samu Nigersaurus, mai haƙora sama da 500, wanda masana suka ce ya rayu kimanin shekara miliyan 110 da suka wuce.

Gidan yana da ɓangaren namun daji, don haka yaro zai iya kallon kada mai rai, sannan ya kwatanta shi da ƙasusuwan da ya gani. Daga Kebbi, hanyar mota ta bi ta Kamba, Gaya da Dosso, sai dai ya kamata iyaye su binciki halin tsaro da na kan iyaka kafin su ɗaura niyya.

Wanda bai samu zuwa ba, akwai labari a ƙarƙashin ƙafarsa. Binciken masana ya nuna cewa teku ya taɓa mamaye yankin Sakkwato. A ƙasar Goronyo aka samu ƙasusuwan wata dabbar ruwa mai kama da ƙaton ƙadangare, wadda aka sa wa suna Goronyosaurus a 1972. Ba dainaso ba ce, amma zamaninsu ɗaya. Dutsen da ake sarrafa siminti da shi a Kalambaina ma a ƙasan teku ya taru. Hatta Gwandu, da sunanta masana ke kiran wani rukunin duwatsun yankin.

Gidan Tarihin Kanta da ke Argungu ya adana makamai da kayan sarautar Kabi, amma yaron da ke tambayar abin da ya rayu kafin ɗan Adam sai ya nemi amsa a wani wurin. Malaman firamare na iya rage wannan giɓi da ɗan abin da ke hannu. A auna mita 7 da igiya a filin makaranta, a jera yara a kanta, su ƙirga nawa ne za su kai tsawon Ouranosaurus, sannan a nuna musu Goronyo da Agadas a taswira.