Saura Mutum Guda: Yadda Ake Haɗa Mota a Dakoro

Wanda ya ce zai bar Dakoro zuwa Maraɗi da ƙarfe bakwai na safe, fata kawai ya yi. Motar haya ba ta san agogo ba, sai ta cika take tashi. Tun bayan sallar asuba kamasho ke tsaye a bakin tasha yana kiran "Maraɗi, saura mutum guda!" alhali rabin kujerun babu kowa. Fasinjan da ya san kan tafiya yakan ajiye jakarsa a mazauninsa, ya koma wurin mai shayi.

Tafiyar kimanin kilomita 120 ce, ta Kornaka har a fita babbar hanya wajen Tsibiri. A ƙidayar 2012 mutanen gundumar Dakoro sun haura 600,000, kuma masu motar kansu ba su taka kara sun karya ba. Ɗan kasuwa mai sarin kaya, da malamin makaranta mai bin takardunsa, da matar da aka tura babban asibiti, duk mota ɗaya ke kwashe su.

Cikin motar Hiace kowa ya san farashin wuri. Gaba ya fi tsada, kuma ko a nan sai an zauna mutum biyu kusa da direba. A baya ana jin "Hajiya, a ɗan gyara", "Malam, matsa kaɗan", har layin mutum uku ya ɗauki huɗu. A sama buhunan gero da wake ne, da akuya a ɗaure tana leƙen hanya. Direba kuma ɗan aike ne: ga ambulan na kuɗi, ga ƙullin magani da za a miƙa wa wani a Kornaka. Arewa da gari, wajen Bermo da mashigar kwarin Tarka, inda yashi ke cin ƙaramar mota, Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya ce sarauniya. Ranar kasuwa Fulani da Buzaye kan hau bisa kaya, ƙafafu a waje, kowa ya riƙe sanda ko igiya, rawani ya rufe hanci saboda ƙura.

Akwai kuma haɗa motar da ba ta bi ta tasha. Ma'aikata huɗu da za su taro a Maraɗi sukan yi karo-karon kuɗin mai su shiga motar ɗayansu. Lissafin a fili yake. A ce mota na shan lita 10 a kilomita 100. Zuwa da dawowa lita 24 ke nan. A farashin sefa 499 da gwamnatin Nijar ta tsayar a watan Yulin 2024, bayan an daɗe ana sayen lita a 540, kuɗin ya kusa jaka 12. Mutum ɗaya zai ji a jikinsa, amma in an raba huɗu jaka uku-uku ce. Wannan lissafi ya ƙara nauyi tun watan Mayun 2023, da Najeriya ta cire tallafin mai, fetur ɗin kwalba mai araha da jihar Maraɗi ta saba da shi ya yi tsada. A watan Maris na 2025 sai da aka yi dogayen layuka a gidajen mai, duk da matatar SORAZ da ke aiki a Damagaram tun 2011.

Turawa sai da wuya ta koya musu abin da Dakoro ta tashi da shi. Amurka ta kwaɗaitar da mutane su haɗa mota a lokacin yaƙin duniya na biyu, ta sake yi da tsadar mai ta 1973. A Faransa kamfanin BlaBlaCar, wanda aka kafa a 2006, sana'arsa ke nan: haɗa mai kujerar da babu kowa da matafiyi ta wayar salula. A Dakoro kuwa lambar direba a waya da gaisuwa a ƙofar masallaci sun wadatar, domin kowa ya san gidan su kowa. Shi ya sa uba ke iya damƙa ƴarsa ƴar makaranta ga direba ya koma gida hankali kwance.

Inda gizo ke saƙar shi ne lodi. Tunda kuɗin kujera ba shi da yawa, ribar mai mota tana cikin mutum na ƙarshe da aka cusa da buhun da aka ƙara a sama. Motar da nauyinta ya koma bisa ba ta da wuyar kifewa in taya ta fashe, tayoyin kuwa galibi na hannu ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya kowace shekara, kuma Afirka ce ta fi kowa asara idan aka auna da yawan jama'a. Wanda ya rage wa wani hanya a bayan motar kaya ya yi alheri, amma in tsautsayi ya faɗa, da wuya a sami inshorar da ta san da zaman wannan fasinja.

Jandarmomi da hukumar kiyaye haɗurra ta ANISER suna da nasu aikin, sandikar direbobi ma haka. Sai dai fasinjoji su ma suna da laifi, don su ne ke cewa "a yi haƙuri a ɗauke shi, ɗan uwa ne", su ne kuma ke zuga direba ya taka don a riski banki kafin a rufe. Mutum goma sha takwas da suka gaji da jira za su iya haɗa kuɗin kujerar da ta rage, mota ta tashi ba tare da an danne kowa ba, kuma abin da zai faɗa kan kowannensu bai kai kuɗin shayi da burodi ba. Masu hawa motar Dakoro, in kun ga lodi ya wuce kima, ku yi magana tun mota tana cikin tasha.