Jaririn da bai yi kuka ba: me likitoci suka gano?

Daren da matar ƙanena ta haihu a wani ƙauye kusa da Tinyer, ina cikin ɗakin. Jariri ya faɗo, shiru. Ungozoma ta yi ta kaɗa masa kwano a kunne, wata tsohuwa ta ce a watsa masa ruwan sanyi. Sai can ya yi ɗan nishi. Yau shekararsa uku, ko zama bai iya ba. Tun lokacin nake bin labarin binciken likitoci, ko an dace da magani.

Idan naƙuda ta yi tsawo, iskar da ke zuwa ƙwaƙwalwar jariri takan ragu, kuma ɓarnar takan ci gaba bayan haihuwa. A Turai da Amurka ana sanyaya jikin jaririn da na'ura zuwa digiri 33.5 har awa 72, amma dole a fara cikin awa shida. Wane ne zai kai jariri Ngaundere ko Garwa daga ƙauye cikin dare, da damina? Bayan haka, gwajin HELIX da aka yi wa jarirai 408 a Indiya, Siri Lanka da Bangaladash ya nuna a 2021 cewa sanyayawar ta ƙara mace-mace a can. Ina ga ruwan randa!

To, magani fa? An sa rai da allurar iritropoyitin mai ƙara jini, sai gwajin HEAL na Amurka ya nuna a 2022 ba ta ƙara amfani a kan sanyayawa ba. Ana kuma gwada melatonin da alopurinol, amma har yau babu maganin da aka tabbatar.

Abin da ke hannunmu shi ne mintin farko: a goge jariri, a shafa bayansa, in bai yi numfashi ba a hura masa iska da 'yar jakar roba. A Tanzaniya, koya wa ungozomomin asibiti wannan ya rage mutuwar jarirai a ranar farko da kusan rabi.

Rai na Allah ne, amma an umarce mu da neman magani. Malam, tanadi kuɗin mota tun cikin na wata bakwai. Naƙuda na farawa, a tafi asibiti.