Magarya: Shingen Da Ba Ya Mutuwa

Kowace shekara masu garka a Kona suna saran ƙaya don yin shinge. Gara ta ci, iska ta kwashe, awaki su shiga su cinye kayan garka. Baɗi kuma a koma sara, daji yana ta ƙarewa. Alhali ga magarya tana tsirowa da kanta a gonakin Tasawa da Mayahi.

Yaya ake gane ta?

Magarya ƙanwar kurna ce, danginsu ɗaya. Ƙayarta bibbiyu ce: ɗaya a miƙe, ɗaya a lanƙwashe kamar ƙugiya. Ganyenta ƙarami ne mai jijiya 3. Samansa kore ne, ƙarƙashinsa fari-fari mai gashi. Na kurna ba shi da wannan gashi. Tana fure a ƙarshen damina, ƴaƴanta su nuna lokacin ɗari. Da bazara takan zubar da ganye ta huta. Saiwarta tana nisa cikin ƙasa, shi ya sa fari ba ya kashe ta da sauƙi.

Amfaninta

In an dasa ta jere, kusa da kusa, rassanta sukan sarƙe, akuya ba ta samun hanya. Ƴaƴanta suna da bitamin C mai ƙara lafiya. Mata suna shanya su, su daka, su kai kasuwa. Ganyen abincin awaki da raƙuma ne. Da shi kuma ake wankan gawa.

Yadda ake shuka ta

Ƙwallonta yana da tauri. A fasa shi a hankali, a fidda ƙwayar, a shuka cikin leda. A dasa in damina ta zauna. A kare ta daga bisashe har ta yi ƙarfi.

Auren magarya

A farkon shekarun 2000, cibiyar ICRISAT ta Sadore, kusa da Yamai, ta yaɗa irin magaryar Indiya, kamar wadda ake kira Gola. Ana ɗaura reshenta bisa magaryar gida. Ƴaƴan sukan yi girma kamar ƙwan kurciya, har su fi. Ma'aikatan gandun daji suna koya wannan aiki.

Saboda haka, lokacin sassabe, manomi kada ya ƙone kututturen magarya. Ya zaɓi rassa 2 ko 3 masu ƙarfi ya bari, ya datse sauran. Wanda ya raya magarya bana, ya huta da saran ƙaya nan gaba.