Gyaran motar daji da gazuwal ɗin da take sha

Ƴan'uwa manoma, kun san motocin da ke shigo mana ranar kasuwa, Toyota Land Cruiser da ire-irenta, waɗanda ake ce wa kat-kat. Su ke kwasar gero da wake daga ƙauyuka zuwa Dakwaro, Tanut ko Abalak. Masu su kan yi musu ƙari don su iya rairayi: manyan tayoyi, ƙarfen kare gaba, ƙarfen ɗaukar kaya a bisa, da biduna jere a baya. Kowane ƙari yana da amfani, amma da gazuwal ake biyansa. Kuɗin kuwa a kan buhun manomi yake faɗuwa.

Mu fara da nauyi. Bido mai lita 20 cike da gazuwal ya kai wajen kilo 17, ban da nauyin bidon kansa. Biduna 5 ke nan sun kusa buhun gero. Mai zuwa inda babu wurin shan mai, dole ya ɗauka. Amma wanda ke kai da komowa tsakanin Maraɗi da Damagaram, me zai yi da su?

Kayan da aka ɗaure a bisa mota iska suke tarewa. Cikin daji, inda ake tafiya sannu, abin bai da yawa. A kwalta ne yake cin mai, domin in gudu ya ninka sau 2, ƙarfin iskar da mota ke turewa yana ninka sau 4. Ko ƙarfen babu kaya, yana tare iska.

Maganar taya ta fi tsawo. Babbar taya mai manyan haƙora tana kama ƙasa, gaskiya ne, amma tana da nauyi, inji na wahala kafin ya juya ta. A rairayi direba yakan rage iskar taya don ta shimfiɗe, kada mota ta kafe. Wannan dabara ce mai kyau. Laifin shi ne a hau kwalta ba a mayar da iskar ba: mota ta sha mai, taya ta yi zafi, ta mutu da wuri. Famfo ya fi ƙarfen ado amfani, amma sau nawa na ga motar da ba ta da shi! Haka nan in an fito daga rairayi, a cire giyar ƙafa huɗu, a kwance makullin ƙafafun gaba.

Ku ƴan koperatif masu mota, ku da kuka iya lissafi yanzu, ku auna da kanku. Ku cika tanki, ku rubuta lambar agogon kilomita. Bayan tafiya ku sake cikawa, ku rubuta lita nawa ta shiga. Ku raba kilomitan da litocin. Sai dai ku lura, babbar taya na ruɗin agogo: in kewayenta ya ƙaru da kashi 10 cikin 100, agogo zai nuna kilomita 100 alhali mota ta yi 110. Gara ku auna a kan hanyar da kuka san tsawonta.