Ba Kowane Tari Ne Tibi Ba: Abin Da Hoton Ƙirjin Yayana Ya Nuna

Jama'a, duk wanda ya taso a kara ko abatuwa irina ya san yadda likitan dabbobi ke tsaga kaluluwar da ke tsakanin huhun saniya kafin ya bari a fita da nama. To, mu ma muna da irinta a ƙirji, kuma cutar daji na iya kama ta. Likitoci na kiran cutar limfoma.

Ni a kan yayana na san ta, a nan Agege. Busasshen tari, zazzaɓi, zufar dare har riga ta jiƙe sharkaf, ga rama. Kowa ya ce tibi ce. Sai da fuskarsa da wuyansa suka fara kumbura da safe muka je hoton ƙirji.

A hoton, huhu baƙi yake fitowa saboda iska ce a ciki, zuciya da manyan jijiyoyi kuwa fari a tsakiya. Nasa farin ya yi faɗi daga sama, ya ɓullo gefe da gefe. Likita ta ce ƙari ne a bayan ƙashin ƙirji, amma wannan hoton inuwa kawai yake nunawa.

Sai aka tura mu CT, mai ɗaukar jiki yanki-yanki kamar an yanka burodi. Nan aka ga kaluluwa sun kumbura sun cure wuri guda, sun danne babbar jijiyar da ke mayar da jinin kai da hannaye zuwa zuciya. Dalilin kumburin fuskar ke nan. Akwai kuma PET, inda ake yin allurar wani irin sukari, ƙarin ya zuƙe shi ya haska.

Duk da haka hoto ba ya yanke hukunci, don tibi ma tana kumbura kaluluwa. Dole a ciri ɗan tsoka a duba da madubin likita. Nasa nau'in Hodgkin ne, mai yawan kama matasa, kuma yana cikin cututtukan dajin da suka fi jin magani. Yanzu yana karɓar ƙarin ruwan kemo, kumburin ya saɓe, alhamdu lillahi.

Don Allah 'yan uwa, tari in ya wuce sati biyu, a bar zaryar kemis, a je gwajin majina da hoto. In an sha maganin tibi babu sauƙi, a koma wurin likita. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.