Daga Ina Sunan Koko Ya Fito?

Idan aka ce koko a ƙauyukanmu, wanda ake damawa da gero a sha da ƙosai muke tunawa. Amma samarinmu masu zuwa ƙwadago Ondo da Ikom sun san wani koko dabam, wato itacen da ake yin cakulan da Milo da 'ya'yansa. Suna ne kawai ya haɗa su.

Itacen nan baƙo ne a Afirka. Asalinsa dazuzzukan Kudancin Amurka ne, an kuma gano alamarsa cikin tukwanen da aka tono a Ekwado, masu shekara fiye da 5,000. Mutanen Maya suna ce masa kakaw. Aztek na Meziko kuwa har kuɗi suka mai da 'ya'yansa, suna ciniki da biyan haraji da su, kamar yadda kakanninmu suka yi da wuri.

Mutanen Sifen da suka shiga Meziko a 1519 suka ɗauki sunan, suka ce kakawo. A bakin Turawan Ingila ya karkace, domin sun ruɗa shi da sunan kwakwa, wadda suke kira kokonat. Wannan kuskuren ne muka gāda. A 1753 wani masanin tsirrai ɗan Suwidin, Linnaeus, ya raɗa masa suna Theobroma, wato “abincin alloli” da Helenanci. Mu dai mun san Wanda ya halicce shi.

Ikkilisiya ma tana cikin labarin. 'Yan mishan na Basel sun gwada shuka shi a Akropong ta Gana, bai yi albarka sosai ba. Sai wani maƙeri da suka koya wa sana'a, Tetteh Quarshie, ya dawo da iri daga tsibirin Fanando Po a 1879, ya shuka a Mampong. Zuwa 1911 Gana ta fi kowace ƙasa fitar da koko.

Yau Kwaddebuwa ce kan gaba, amma yawancin koko ɗanye ake fitarwa, ribar kuma tana wurin masu sarrafawa. Ɗan ƙwadago ne a ƙarshen layi. Don haka muna roƙon masu niyyar tafiya su daidaita lada gaban shaidu tun kafin su ɗauki adda, iyaye kuma kada su ba da yara 'yan makaranta a tafi da su.